Haƙurin da na koya a bakin sito a Tailan

A gidanmu na Fagge ni aka sani da zuciya. Tun ina yaro abu kaɗan ke sa in ture kwanon tuwo in fice, in aka taɓa ni a makarantar allo kuwa sai an raba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar Singa ne, yana da shago na shinkafa da sukari da man girki, kuma duk lokacin da aka kawo masa ƙarata maganarsa ɗaya ce: ka dinga haƙuri. Haka Inna take cewa, haka malaminmu. Ban taɓa musun cewa haƙuri abu ne mai kyau ba. Amma a yadda na fahimce shi a lokacin, haƙuri shi ne ka danne, ka haɗiye, ka yi shiru alhali ciki na tafasa. Wanda ya iya dannewa shi ne mai haƙuri. Ni ban iya ba, sai na ɗauka haka Allah ya yi ni.

Dangin Inna mutanen Maraɗi ne, a wurinsu na tsinci Faransanci, na kuma yi karatun kasuwanci a nan gida. Waɗannan biyun ne suka kai ni Bankok a 2013. Wani Alhaji da mahaifina ke sarin kaya a wurinsa ya tura ni in tsaya masa kan lodin shinkafa, daga baya kamfanin da muke saye a wurinsa ya nemi in zauna in riƙe masa hulɗa da 'yan kasuwar Afirka ta Yamma. Kamfanin iyali ne, wata dattijuwa ce mai shi, ɗanta kuma shi ne manaja. Aikina waya ne da lissafi: in yi ciniki da Hausa da mutumin Kano, in yi da Faransanci da mutumin Kwatano, in juya in gaya wa masu gida da Turanci. Turararriyar shinkafa muke sayarwa, buhu mai kilo 50, irin wadda ake kira 'yar waje. Daga injinan casa na tsakiyar ƙasar ake zuba ta cikin manyan kwale-kwalen dako, a gangaro da ita ta kogin Chao Phraya zuwa tsibirin Sichang inda jiragen ruwa ke jira. Mafi yawan kayanmu Kwatano ake sauke su, kuma babu wanda bai san cewa ba mutanen Benin ne ke cin wannan shinkafar ba.

Shekarun farko na ga buɗi. Na yi aure, na fara gini, na biya wa Inna Makka. A Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana dalar gwamnati ga masu shigo da kaya iri 41, shinkafa na ciki, a 2016 kuma naira ta faɗi. Mun girgiza amma ba mu faɗi ba. Wannan ya ƙara mini yarda da kaina. Uwar ɗakina, dattijuwar mai kamfanin, tana nuna ni ga baƙi tana cewa ga wanda ya buɗe musu Afirka, ni kuma ina jin daɗin hakan har cikin raina.

A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A daidai lokacin akwai wani babban ɗan kasuwa da muka ba kaya masu yawa bashi, kuma ni na tsaya masa, ni na ce na san gidansu. Kaya suka isa Kwatano suka tsaya cik a sito. Ya fara da cewa a ba shi wata guda, daga nan ya daina ɗaukar waya. Ita ma Tailan ɗin ba ta cikin daɗi: fari ya taɓa noma, kuɗinsu na baht ya yi tsada, shinkafar Indiya ta fi tasu araha. Ƙasar da ta fitar da sama da tan miliyan 11 a 2018 ba ta kai miliyan 6 ba a 2020. Kowa a ofis yana neman wanda zai jingina wa laifi, ni kuma ga ni a kusa.

A wani taro manaja ya karanta adadin bashin a gaban kowa, sannan cikin murya ƙasa-ƙasa, yana ɗan murmushi, ya tambaya ko akwai wani kaso da mutumin ya yi mini alkawari. Abin da na tuna shi ne na miƙe tsaye, na buga tebur, na faɗi maganganu da ƙarfi har masu gadi suka leƙo. A can ɗaga murya a gaban mutane babban abu ne. Ka zubar da mutuncin wanda ka yi wa, ka zubar da naka. Ba wanda ya tanka. Mako bai zagayo ba aka ba ni takarda: an ɗauke ni daga teburin ciniki, an mai da ni sitonmu da ke bakin kogin Pa Sak a lardin Ayutthaya in dinga ƙidayar buhuna. An bar mini albashi, an cire la'adar da ita ce ainihin samuna.

Wannan lokacin ne nake so in tsaya a kansa, domin na san akwai masu karanta wannan da suke cikin irinsa yanzu. Aikin siton ba shi da wuya. Abin da ke da wuya shi ne kaina. In na kwanta sai taron nan ya dawo, in sake jin tambayar manaja, in shirya amsar da ya kamata in ba shi, in gyara ta, in sake. In tashi da asuba ina faɗa da mutumin da ke barcinsa a Bankok. A cikin salla ma haka. Sai in sallame ban san abin da na karanta ba. Na rame, ciwon kai ya zauna mini, likita ya auna ya ce hawan jini ne ya ɗora ni kan magani. Daga gida kuma waya ba ta yankewa: ginin ya tsaya, kuɗin makarantar ƙanne, cefane. Ban gaya wa kowa an sauke ni ba, sai dai in ce kasuwa ce ta yi sanyi. Matata ce ta fi shan wahalar abin, don a kanta nake saukewa. Ta taɓa ce mini, "Baban Ummi, in na ga kiranka yanzu gabana faɗuwa yake." Na kashe wayar, amma maganar ta zauna mini.

Shugaban ma'aikatan siton wani dattijo ne ɗan arewa maso gabashin ƙasar, kowa Lung yake ce masa, wato kawu. A Tailan al'ada ce namiji ya shiga zuhudu na ɗan lokaci, sau da yawa wata ukun damina, ya aske kai ya ɗaura mayafi ya zauna a gidan ibada, sannan ya dawo. Shi Lung shekaru ya yi, a wani gidan zuhudu na daji cikin almajiran Ajahn Chah, malamin nan na lardin Ubon Ratchathani da ya rasu a 1992. Ya fito ne da mahaifinsa ya kwanta ciwo babu mai noma gonar. Da gurguwar Tailancina da gurguwar Turancinsa muke magana.

Wata rana direban jirgin da ke jan kwale-kwalen ya zo a fusace saboda an jinkirta masa lodi, ruwan kogi kuma na ja baya. Ya tsaya a kan Lung ya zage shi tas, a gaban 'yan dako, har da ambaton iyaye. Ni da ba ni aka zaga ba jikina rawa yake. Lung ya bar shi ya gama, ya ce masa lodi zai ƙare ƙarfe huɗu, ya sa yaro ya kai masa ruwan sanyi, ya koma kan takardunsa. Abin da ya ɗaure mini kai ba shirun ba ne, na sha ganin masu shiru. Na zuba masa ido har yamma ina jiran in ga inda abin zai fito, ko a kan yara ko a fuska. Ya ci abincinsa, ya yi dariya da mutane. Babu abin da ya danne.

Na tambaye shi. Sai ya ba ni labarin da suke bayarwa game da Buda, wanda ya kafa addinin da suke bi: wani mutum ya zo ya zazzage shi, da ya gama Buda ya tambaye shi, in ka yi baƙi ka kawo musu abinci ba su ci ba, abincin na waye? Mutumin ya ce nawa ne. Ya ce to ni ma ban karɓi abin da ka kawo ba. Na ce wa Lung wannan labari ne mai daɗi, amma zagi yana da zafi, ko ka karɓa ko ba ka karɓa ba. Ya ce, "Gaskiyarka, ɗana. Ni ma na ji zafi ɗazu, a nan," ya dafa ƙirji. Daga nan ya kawo misalin da har yau ban ji wanda ya bayyana mini halina kamarsa ba. Ya ce Buda ya koyar cewa mutum in masifa ta same shi kamar an harbe shi da kibiya ne. Wannan ba makawa, kowa ana harbinsa. Amma yawancin mutane sai su ɗauki kibiya ta biyu su caka wa kansu a daidai wurin: me ya sa ni, da na ce kaza, zai ga abin da zan yi masa, yanzu me mutane ke cewa. Ya ce, "Manaja sau ɗaya ya yi maka tambayar nan. Wa yake maimaita maka ita kullum?"

Ban ji daɗin tambayar ba. Amma da na kwanta a daren, taron ya dawo kamar kullum, sai a karon farko na lura da dawowarsa.

Kafin in ci gaba, akwai abin da na san yana ran mai karatu, domin ya daɗe a raina. Ni Musulmi ne, kuma tsoro ya kama ni kada in je neman sauƙi in taɓa imanina. Addinin Buda ba shi da Mahalicci a cikin koyarwarsa, suna kuma da aƙidar sake haihuwa bayan mutuwa. Waɗannan ban yarda da su ba, ba zan kuma yarda ba. Ban taɓa rusuna wa gunki ba, ban kunna turare ba, layun da suke ratayawa ban karɓa ba ko da an ba ni kyauta. Na kira wani malami ɗan Mali da muka saba a masallacin Haroon na unguwar Bang Rak, na zayyana masa komai. Ya tambaye ni, "Dattijon ya ce ka bauta wa wani abu?" Na ce a'a. Ya ce to in ɗauki abin da ya dace da abin da na sani, in bar saura, ya tuna mini maganar da malamai ke yawan kawowa cewa hikima ɓataccen kayan mumini ce. Ya kuma ce in koma in duba abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce game da fushi: in kana tsaye ka zauna, ka yi shiru, ka nemi tsari. Na san waɗannan tun ina yaro. Matsalata ita ce kafin in tuna da su na riga na buga tebur.

Abin da Lung ya koya mini shi ne yadda ake ganin fushi tun yana tahowa. Ya ce in zauna kullum na ɗan lokaci in sa hankalina kan numfashi, shigarsa da fitarsa a bakin hanci. Hankali zai gudu. In ya gudu kada in yi faɗa da shi, in lura ya gudu, in dawo da shi. Su a gidan zuhudu sunan Buda suke ambata da kowane numfashi, amma shi da kansa ya ce ni in ƙirga kawai. Na fara da ƙirga, daga baya na mai da shi istigfari, bayan sallar asuba kafin in tashi daga kan darduma. Da farko ko numfashi biyar ba na kaiwa sai in tsinci kaina a ofishin Bankok. Sannu a hankali na fara gane alamun jikina: wuya na ɗaukar zafi, haƙora na cijewa, numfashi na gajarta. Waɗannan suna riga magana zuwa. In na gan su sai in ce a raina, fushi ya zo. Ba ya tafiya don na faɗi haka, amma yana ba ni ɗan sarari, kuma a cikin wannan sararin ne nake iya zama in ina tsaye. Na kuma gano abin da ban taɓa sani ba: in ban ƙara masa zance ba, fushin da kansa yake sauka. Wannan ya bambanta da dannewa. Mai dannewa yana riƙe da abin yana fama da shi. Nan kallonsa kake har ya wuce. Maganin hawan jinina ban daina sha ba, kada wani ya ɗauka zaman numfashi ya maye gurbin asibiti.

Akwai wata koyarwa da yake yawan kawowa in ya ga na shiga tunanin teburina na da. Ya ce abubuwa takwas ne ke juya mutanen duniya, biyu-biyu suke tafiya: riba da asara, ɗaukaka da ƙasƙanci, yabo da zargi, daɗi da wuya. Wanda ya rungumi na farko da hannu biyu, na biyun zai kayar da shi. Na duba sai na ga zafin da nake ji bai tsaya kan la'adar da aka cire ba. Na saba da a nuna ni ga baƙi. Na ɗauki yabon uwar ɗakina na mai da shi ni kaina, shi ya sa da aka janye shi na ji kamar babu ni. Malaminsu Ajahn Chah, in ji Lung, ko labari mai daɗi aka kawo masa ko marar daɗi, amsarsa ita ce ba tabbas. Mu ma muna cewa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, sai dai mun fi faɗin haka a kan wasu.

Inda abin ya fara taɓa aikina kai tsaye shi ne maganar bashin. Duk saƙonnin da na tura wa ɗan kasuwar nan a baya barazana ce da gori. Lung ya lissafa mini sharuɗɗa biyar da suke auna magana da su kafin a faɗe ta: gaskiya ce, tana da amfani, lokacinta ya yi, da taushi za a faɗe ta, kuma da nufin alheri. Ya ce yawancin mutane a na farko suke tsayawa, in dai gaskiya ce sai su jefa. Na zauna na yi tunanin mutumin: kayansa na sito, haya na hawa, shi ma waɗanda ya ba bashi sun gudu, kunya ce ta hana shi ɗaukar waya. Na nemi ƙaninsa na roƙa a haɗa mu. Da ya zo kan layi na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali, na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, na san ba halinka ba ne. Ni ma abin ya ci ni, an sauke ni daga kujerata a kansa. Ban kira don in ɗaga maka hankali ba. Me za ka iya, ko kaɗan ne, da zan kai wa mutanen nan?" Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya fara magana. Muka tsara ya karya farashi ya sayar da wani kaso a kasuwannin da ke buɗe, ya dinga biya kaɗan-kaɗan. Bai biya duka ba har na baro ƙasar, amma ya biya fiye da rabi.

Na kuma rubuta wa manaja takarda. Na ba da haƙuri kan ɗaga murya, na kuma faɗa masa a fili cewa tambayar da ya yi mini a gaban mutane ƙazafi ce, na haɗa masa da bayanan asusuna ya bincika. Ina jaddada wannan ne domin akwai masu ɗaukar irin wannan koyarwa su mai da ita abin rufe bakin ma'aikaci: ka saki, ka bar komai, kada ka nemi haƙƙinka. Ban ga haka a wurin Lung ba. Yawancin 'yan dakonmu mutanen Myanmar ne da Kambodiya, kuma da aka so a danne musu kuɗin ƙarin lokaci, shi ya ɗauki littafin ƙidaya ya tafi Bankok ya zauna a ofis har aka biya. Bai ɗaga murya ba, bai kuma tashi ba. Ba kuma ina cewa duk mabiyin Buda haka yake ba. Manajan da ya yi mini ƙazafi kowace safiya yana zuba wa masu zuhudu abinci a kwanonsu. Abin da aka yi wa Musulmin Rohingya a Myanmar a 2017, har sama da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh, ya faru ne a ƙasar mabiya Buda, kuma akwai masu mayafin da suka zuga shi. Na taɓa tayar wa Lung da maganar, ya sunkuyar da kai ya ce mayafi ba ya wanke zuciya.

Jarrabawa mafi girma ta zo a 2020. A ƙarshen Maris Tailan ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda korona, Najeriya ma ta rufe filayen jiragenta. A watan Afrilu, lokacin da dattawa ke ta rasuwa a Kano, mahaifina ya kwanta. Kwana kaɗan aka yi. Yayana ne ya kira ni da tsakar daren can, ya ce, "Sai haƙuri, Baba ya cika." An yi jana'iza an kai shi ina zaune a ɗaki ni kaɗai a bakin kogi, ga azumi ya kama. Ban wanke shi ba, ban ɗauki makararsa ba, ban zauna karɓar gaisuwa kusa da Inna ba.

Nan kibiya ta biyu ta zo da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Da na koma gida tun da aka sauke ni. Da na gaya masa gaskiyar halin da nake ciki, maimakon ya rasu yana zaton ina kan kujerata. Da na turo kuɗi an kai shi wani asibitin. Lung ya zo ya zauna a bakin ƙofa, saboda dokar tazara, bai ce komai ba na tsawon lokaci. Daga baya ya ba ni labarin wata mata da ɗanta ya mutu ta ɗauko gawar tana neman magani, Buda ya ce ta samo masa 'yan ƙwayoyin mastad, wani irin kayan yaji, daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ta bi gida-gida, kowa na da ƙwayar, babu gidan da ba a yi rashi ba, har ta gane da kanta ta je ta binne ɗanta. Ya ce shi ma yana daji lokacin da mahaifiyarsa ta rasu. Ya ce in yi kukana, wannan haƙƙin uba ne, amma in lura da duk tunanin da ya fara da "da na". Yana faɗin haka hadisin nan ya faɗo mini, wanda ya hana mutum cewa da na yi kaza da kaza ya faru, ya ce a ce Allah ya ƙaddara kuma abin da ya so ya aikata, domin "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Na haddace shi tun a Islamiyya. A daren ne na fara aiki da shi, tunani bayan tunani, ina ganin kowanne yana tasowa ina mayar da shi. Baƙin cikin bai ragu ba, amma ya zama baƙin cikin rashin uba kawai, wanda zan iya ɗauka in yi masa addu'a da shi. Washegari na kira Inna da matata na gaya musu duk abin da na ɓoye. Inna ta ce, "Dama mun ji a muryarka. Shi ma ya sani, ya ce a ƙyale ka har ka faɗa da kanka."

A ƙarshen shekarar uwar ɗakina ta kira ni ta ce in koma teburina. Manaja bai taɓa ba ni haƙuri ba, sai dai ya aiko mini da kwandon 'ya'yan itace, wanda a wurinsu magana ce. Na gode, na yi musu wasu watanni na miƙa aiki, na dawo gida a 2021. Ko da aka buɗe iyakokin Seme da Illela da Maigatari a Disambar 2020 haramcin shinkafa na nan, kuma zuciyata ta riga ta koma wurin Inna.

Yanzu ina kula da ma'aikata a wani injin casar shinkafa a wajen Kano. Matsalolin nan sun fi na can yawa: wuta, tsadar dizal, shanshera da ke wuyar samu in kaka ta yi nisa, ga tsadar rayuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023, wadda ke sa kowa ya zo aiki da ransa a ɓace. Har yanzu ina da zuciya, wuyana na ɗaukar zafi kamar da. Kwanaki wani yaro mai kula da tukunyar turara ya yi barci a aikin dare, shinkafa mai yawa ta lalace. Da na ga ɓarnar na ji alamun duka sun taso. Na ce masa ya je ya yi salla ya karya, mu haɗu da hantsi. Da muka zauna mu biyu na tambaye shi, sai ga shi kwana biyu yana haɗa aikin rana da na dare don wani ya yi tafiya, kuma ni na sa hannu a jadawalin. An yanke masa wani abu a albashi, domin barci a bakin tukunya na iya kashe mutum, amma an gyara jadawalin, kuma ba a gaban abokansa aka yi maganar ba.

Lung ya taɓa lissafa mini abubuwa biyar da koyarwarsu ta ɗora wa mai gida game da ma'aikacinsa: ya ba shi aiki daidai ƙarfinsa, ya ba shi abinci da lada, ya kula da shi in ba shi da lafiya, ya raba abin daɗi da shi in an samu, ya ba shi hutu a kan lokaci. Babu ko ɗaya a ciki da addininmu bai riga ya faɗa ba, amma na rubuta su a bangon littafin aikina don ina son yadda aka jera su. Huɗu daga ciki mun samu daidaito da mai injin. Na ukun ne muke ja: ina so a dinga biyan 'yan dako rabin kuɗin yini in ciwo ya kwantar da su, a kuma ɗauki nauyin wanda ya ji rauni a bakin aiki, shi yana ganin in aka buɗe wannan ƙofar kowa zai kwanta. Da na fara kawo maganar ya ƙi, na ga ranar dizal ya tashi, ba lokacinta ba ne. Na sake kawowa da lissafin abin da muke asara duk lokacin da ƙwararren ɗan dako ya tafi aka ɗauko sabo. Ya amince da na rauni. Na ciwon ya ce, "Manaja, ka bari a shiga kaka mu ga yadda kasuwa za ta yi." Na ce, "To Alhaji, Allah ya kai mu," na kuma fara tattara sunayen waɗanda zazzaɓi ya kwantar a daminar nan da kwanakin da kowannensu ya rasa, don in je masa da su a rubuce.